Minti Biyar Dama, Minti Biyar Hagu

Yayata tela ce, kuma duk matar da ta taɓa kai mata ɗinki ta san ba a yi mata gyara. In kika ce hannun rigar nan kamar ya ɗara wancan tsawo, ba za ta yi musu da ke ba. Za ta zare tef daga wuyanta, ta gwada wannan, ta gwada wancan, ta nuna miki lambar da farcenta, sannan ta ce, "Kafaɗarki ce ta karkace, ba ɗinkina ba." Abin haushin, in kika je gida kika tsaya gaban madubi, sai ki ga gaskiyarta ce.

Shekarata tara mahaifiyarmu ta rasu, ita kuma tana da ashirin. Tun daga ranar ta zama uwata, ta zama alƙalina. Da keken ɗinki ɗaya ta fara, a baranda, ina zaune a ƙasa ina tsintar ƙyalle. Yau kekunanta huɗu a shago, ɗakinta kuma yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Lokacin cin abinci ɗaya ne a wurinta, lokacin wanka ɗaya, kuma in ta ce a'a an gama magana. Na yi aure, na haifi uku, amma har yau Auta take kirana, ni kuma har yau in ta kira sai na gyara zama.

Shekara goma sha bakwai ta yi da aure ba haihuwa. Mijinta direban motar kaya ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mata maganar ba. Jariran da ta ɗinka wa rigar farko sun dawo ta ɗinka musu kayan makaranta. Ban taɓa ganin ta yi kuka a kan wannan ba, sai dai duk ranar da aka yi haihuwa a layinmu, kekenta ya fi gudu. Tana da arba'in da ɗaya cikin ya zo. Ta shirya masa riguna goma sha biyu, huluna shida, safa, da mayafai masu kauri har uku, duk ɗinkin hannunta.

Ta haihu da safe, namiji, kilo uku da giram ɗari. Washegari aka sallame mu. Direban yana kan hanya, sai bayan kwana uku zai iso, don haka na bar yarana wurin kakarsu na dawo ɗakin Yaya da jakata.

A ranar na ga abin.

Ta zauna a bakin gado, baya a miƙe kamar za ta hau keke. Ta ajiye waya a gefe, agogon wayar yana kallonta. Ta ɗauko yaron a naɗe cikin mayafi biyu, da hula, da safa, fuskarsa kawai ake gani. Ta kama nono da yatsu biyu, irin kamun almakashi, daidai inda bakinsa ya kamata ya shiga. Ɗaya hannun kuma ta shimfiɗa a ƙeyarsa, ta tura kan gaba yadda take tura yadi ƙarƙashin allura. Yaron ya banƙare, ya ja baya. Ta ƙara turawa. Ya kama kan nonon kawai, ɗan tsinin, yana tsotsa kumatunsa na lotsawa. Ita kuwa ta cije leɓe, gumi yana fito mata a hanci.

Minti biyar na cika ta zare shi. Ta mayar da shi hagu, wasu minti biyar ɗin. Sai ta tashi ta ɗauki allin ɗinki ta rubuta a jikin ƙofar durowa: ƙarfe tara, dama biyar, hagu biyar.

Na ce, "Yaya, kamar bai ƙoshi ba."

Ta ce, "Sai sha biyu."

"Ai jariri ba ya..."

"Auta, shekara ashirin ina gwada ƙirjin mata. Duk wadda ta zo min nono ɗaya cike ɗaya a bushe, in na tambaya, yaro ta bari ya zaɓi gefe. Ni nawa biyu zai sha daidai wa daida, kada ɗaya ya ƙafe. Kuma yaron da ba a koya masa lokaci ba tun yana ƙarami, shi ke hawa kan mutane."

Ni da na shayar da uku, na san duk wannan ba haka ba ne. Na san jariri ba ya duba agogo, na san ba a tura masa ƙeya, na san baƙin da ke kewaye da kan nono shi ake so ya cika bakinsa da shi. Amma ta yi maganar tana kallona da idon nan, sai na ce, "To, Yaya." Na ce wa kaina gobe zan faɗa mata. Gobe ta zo na ce jibi. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

Rana ta biyu yaron ya yi ta tsala kuka, Yaya tana jijjiga shi tana duban waya. Ta tatsa nonon a cokali, ta ga 'yan ɗigo masu kauri, rawaya-rawaya, ko rabin cokalin ba su kai ba. Na ce mata dakashi ne, nonon farko, haka yake zuwa kaɗan kuma ya ishe shi in ana ba shi a kai a kai. Ta ce, "Wannan ne zai ishi mutum?" Ta wanke cokalin. Rana ta uku kukan ya ragu. Yaya ta ce, "Kin gani? Ya fara koyon lokaci." Ni kuwa na lura tun safe nafkin ɗaya kawai na canza masa, shi ma da ƙyar ya jiƙe.

Kwana na huɗu muka koma asibiti awo, da sassafe. Layi ya yi tsawo, nas ɗaya ce a kan tebur, gajeriya mai tabarau, hannunta ba ya hutawa. Ta tuɓe shi ta ɗora a sikeli. Ta duba kati, ta sake duba sikelin. Ta buɗe idonsa da babban yatsa, ta danna goshinsa, ta leƙa bakinsa.

"Kilo biyu da ɗari bakwai da hamsin," in ji ta. "Duk jariri yana ramewa kaɗan a kwanakin farko, amma wannan ya wuce kaɗan. Kuma idonsa ya soma rawaya, alamar shawara. Yana shan nono sosai?"

Yaya ta ce, "Bai taɓa tsallake lokaci ba."

Nas ta juyo gare ni. "Ke ce mai kula da ita? Haka ne?"

Ga dama ta samu, a gaban wadda Yaya ba za ta iya yi wa tsawa ba. Na buɗe baki. Yaya ta ɗan juyo da kai. Na ce, "E, tana ba shi."

Nas ta kira likita, ya duba shi, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "Ku je gida, a ba shi nono duk lokacin da ya nema, in ya yi barci da yawa a tashe shi. Gobe ƙarfe takwas ku dawo. In ya sake raguwa ko da kaɗan ne, kwantar da shi za mu yi a ɗakin jarirai. In kuma kuka ga ya ƙi tashi, kada ku jira goben." Ta nuna mana wata ƙofar gilashi a ƙarshen baranda. Mata biyu suna tsaye a jikinta, goshinsu a kan gilashin.

Muka isa gida. Muka tarar da direban ya iso, yana zaune a shago da ƙurar hanya a jikinsa. Ya karɓi ɗansa, ya yi ta kallonsa bakinsa ba ya rufuwa. Da na gaya masa abin da aka ce, sai ya fita, ya dawo da gwangwanin madarar jarirai da kwalba. Bawan Allah, taimako ya yi nufi. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ko da za a buƙata."

Yaya ta dubi gwangwanin. Ta ce, "Ka kyauta." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da na shiga na same ta tsaye gaban durowa tana karanta rubutun allinta daga sama har ƙasa, layi ashirin da wani abu, ko ɗaya babu gibi.

"Ban yi kuskure ko sau ɗaya ba," in ji ta. "Duba. In haka ne, ni ce ba ni da ruwa. Na tsufa, Auta. An ba ni yaron bayan jikin ya rufe shago."

Ƙarya ne, kuma ina gani da idona ƙarya ne. Tun daren jiya nonon ya kawo, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri har yana sheƙi, gaban rigarta ya jiƙe. Kan nonon duka biyun sun tsage. Ruwa yana nan dam, hanya ce babu.

Ƙarfe sha biyu ta yi. Ta zauna a bakin gado, ta ajiye waya, ta ɗauko shi. Bai farka ba. Ta goga masa nono a baki, ya ɗan motsa leɓe, ya koma. Ta tura ƙeyar, kan ya tafi gaba ya dawo, ba banƙarewar nan da yake yi da. Rashin banƙarewar shi ya tsinka min zuciya. Yaron da kwana biyu da suka wuce ake jin kukansa har bakin titi, yau ko faɗan ba zai iya ba.

Na ce, "Yaya, ba haka ake yi ba."

Ba ta ɗago ba. "Me kika ce?"

"Na ce ba haka ake yi ba. Yunwa kike bar masa. Minti biyar ɗin nan ko maƙogwaronsa ba ya jiƙawa."

Ta ɗago a hankali. "Ke za ki koya min riƙon yaro? Wa ya raine ki?"

"Ke ce. Amma ba ki shayar da ni ba."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Fuskarta ta canza, har na so in mayar da ita ciki. Ta ce, "Fita." Ba da ƙarfi ba, kuma da ta yi ihu da ya fi min sauƙi.

Na fita. Na zauna a shago tsakanin kekuna huɗu da aka lulluɓe da yadi. Direban yana bakin ƙofa, yana juya makullin mota a hannu. Ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya. Na kasa kunne ko zan ji kuka daga ɗakin. Babu. Wata mata ta leƙo tana tambayar ɗinkinta, na ce ta dawo wani sati. Na sake kasa kunne. Na ƙirga mintunan da kaina, na san yanzu ta gama dama, yanzu ta gama hagu, yanzu tana neman alli, kuma ba za ta sake gwadawa ba sai ƙarfe uku. Na miƙe.

Na tura ƙofar ban yi sallama ba. Allin yana hannunta. Na ɗauki wayarta na jefa cikin durowa na rufe.

"Gobe ki kore ni," na ce. "Ki daina min magana har abada in kin ga dama. Yau dai abin da na ce shi za a yi."

Ban jira amsa ba, don in na jira na san zan karaya. Na warware mayafi na farko, na biyu, na cire hula, safa, riga mai maɓalli shida. Ashe yaron gumi yake yi a ciki, zafi ma yana ƙara sa shi barci. Da na gan shi tsirara sai da na kau da kai, haƙarƙarinsa duk a waje. Na jera filo uku a jikin bango na ce ta jingina. Ta tsaya tana kallona. Na ce, "Jingina, Yaya." Ta jingina.

Na kawo ruwan ɗumi da tawul na gasa mata ƙirjin. Na tatsa kaɗan da hannuna har wurin ya yi laushi yadda ƙaramin baki zai iya kamawa. Ta runtse ido don zafi, amma da ta buɗe ta ga farin ruwa yana bin yatsuna, sai ta ce, "Daga ina wannan?" Na ce, "Daga shagon da kika ce an rufe."

Na kwantar da shi a kan ƙirjinta, cikinsa a kan cikinta, fata da fata, hancinsa saitin kan nono. Na shafa tafin ƙafarsa, na hura masa iska a wuya. Ya yamutsa fuska. Nan take hannunta ya taso zai je ƙeya. Na cafke shi.

"Ki tallafe bayansa da kafaɗunsa. Kan nasa ne."

"Ba zai gane hanya ba."

"Zai gane."

"Auta, ba shi da ƙarfi."

"Ki bar shi."

Na mayar da wancan hannun ƙasan nono, nesa da baƙin, wannan kuma na riƙe shi gam a cikin nawa biyu. Ban taɓa sanin hannun Yaya yana da ƙarfi haka ba, duk kanta ce a yatsun. Yana fizgewa ina dannewa. Yaron ya ɗaga kai ya faɗi, ya ɗaga ya faɗi. Ya lashi ɗigon da ya taɓa leɓensa. Ya yi shiru har na ɗauka ya koma barci, zuciyata ta ce ɗauki yaron nan ku koma asibiti yanzu. Na ba kaina minti goma. Na sake shafa ƙafar.

Ya yi wani ɗan kuka siriri, ya juya kai hagu da dama, ya wangale baki kamar mai hamma. Na ce, "Yanzu, jawo kafaɗunsa." Ta jawo. Haɓarsa ta nutse cikin nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin ya kusa ɓacewa.

Yaya ta sandare tana jiran zafin da ta saba. Ta ce, "Bai kama ba. Ba na jin ciwo."

"Saurara."

Tsotsa uku da sauri, sannan a hankali, haɓar tana sauka tana tsayawa. Sai ga 'yar ƙarar nan daga maƙogwaronsa, ƙut, ƙut. Na nuna mata da ido. Ta kasa kunne, bakinta a buɗe.

Ko babu waya, agogo yana cikin kanta. Minti biyar na cika na ji hannun ya motsa a cikin nawa. Ta ce, "Hagun fa?" Na ce, "Hagun ba gudu zai yi ba. In ya gama da wannan shi zai saki." Ta ce, "In bai saki ba fa?" Na ce, "Sai mu kwana a nan." Muka zauna a haka, gumi yana haɗa tafukanmu. Ban san tsawon lokacin ba, ya dai wuce minti ashirin. Sai ya saki da kansa, kai ya langaɓe, hannunsa da ke dunƙule ya buɗe, farin ruwa a gefen bakinsa.

Kafin ƙarfe biyu ya sake nema, aka ba shi hagu. Kafin huɗu ya sake. Sau biyu ya kama ba daidai ba, na sa ta zura ɗan yatsa ta gefen bakinsa ta cire shi a sake. Sau ɗaya ta yi min tsawa, na yi kamar ban ji ba. Da yamma, rana ta kusa faɗuwa, na buɗe nafkin na same shi jagab, na fita da shi shago na nuna wa direban. Mutumin nan ya karɓi nafkin mai fitsari da hannu biyu yana godiya ga Allah.

Amma nafkin ba sikeli ba ne. Washegari ƙarfe takwas saura muna kan layi a asibiti. Yaya ta ƙi zama. Ta tsaya ta ba ƙofar gilashin baya, ta rungume shi a cikin riga ɗaya da mayafi mara nauyi. Da aka kira mu, ita ta tuɓe shi da kanta. Nas mai tabarau ta ɗora shi, ya callara kuka yana harba ƙafa, lambobin suna ta tsalle sun ƙi tsayawa. Ta ce, "Jiya ba ka yi min wannan rashin kunyar ba." Muka zuba wa sikelin ido. Lambobin suka tsaya, nas ta karanta:

"Biyu da ɗari bakwai da tamanin."

Ta duba idonsa a hasken taga, ta sa Yaya ta shayar da shi a gabanta, ta kira likita. Ya ce shawarar ba ta ƙaru ba, mu tafi, mu dawo jibi.

A waje akwai benci ƙarƙashin rumfa. Direban ya tafi kawo mota. Yaya ta zauna, yaron yana kan nono, ni ina gefe da jaka a cinya. Na ɗauka za ta yi dariya, ko ta ce min sannu. Sai ta ce:

"Tun yaushe kika gane ba daidai nake yi ba?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Tun ranar da muka dawo gida."

"Kika yi shiru kwana uku. Har a gaban nas."

"Tsoronki nake ji, Yaya."

Ta juyo ta dube ni sosai, irin duban da ake yi wa baƙo. "Tsorona? Ni?"

Ta mayar da idonta kan yaron.

"Duk wahalar da na sha a kanki, ashe abin da na koya miki ke nan," in ji ta. "Da kin ƙara kwana ɗaya da shirun nan, Auta..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba. Motar ta zo ta tsaya a gabanmu, direban ya buɗe ƙofa. Ta ce masa ya kashe injin ya jira, yaron bai gama ba.